Fuskar da Aka Goge a Gubi

Sufeto Istifanus bai gama shan kununsa ba aka shigo da ƙarar, kuma a dafe ta zo: ga mai ƙara, ga wanda ake zargi, ga hujja a cikin waya. Irin wannan ƙara ya fi tsana. A iya saninsa, ƙarar da ta zo da sauƙi haka, wani ne ya yi mata kwalliya a hanya.

An sace injin ban-ruwa a gonar Alhaji Nasiruddeen, kusa da madatsar ruwa ta Gubi. Alhajin tsohon babban ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a GRA, ƙanensa Mahfuz ke kula da gonar. Shi Mahfuz ya kawo ƙarar, dogo, mai bille a kuncin hagu, yana ta kaɗa makullin mota kamar caji ofis ɗin gadonsa ne. Wanda ake zargi kuwa Babayo ne, makiyayin da shanunsa ke bin burtalin gefen gonar zuwa ruwa. 'Yan banga ne suka kamo shi.

"Ga shi nan ƙiri-ƙiri, Sufeto," in ji Mahfuz, ya miƙo wayar.

Bidiyon na almuru ne. Wani mutum cikin malfa da shuɗiyar riga irin ta makiyaya ya ɗora inji a baro, ya waiwayo, ya tura ya wuce. Fuskarsa sumul, ba ta kama da ta kowa.

"Wa ya ɗauka?"

"Wani lebura a gonar, da wayarsa."

"Ina yake?"

"Ya tafi ƙauyensu."

Sufeto ya ajiye wayar, ya sa aka fito da Babayo. Matashi ne siriri, bai sunkuyar da kai ba, bai kuma roƙi kowa ba.

"Kai ka ɗauki injin?"

"Me zan yi da inji? Saniya ba ta shan fetur."

"Rigar nan irin taka ce."

"Je ka kasuwa, Yallaɓai, ka ga mutum nawa ke da ita. Burtalin suke so. Tun jiya masu gonar sun ja waya mai ƙaya sun tare shi, shanuna suna tsaye ba su sha ruwa ba. Ku ɗaure ni in kun ga dama, amma ba zan ce na yi abin da ban yi ba."

DPO ya kira Sufeto ofishinsa. Alhaji ya riga ya bugo masa waya, kuma DPO mutum ne da ba ya son a bugo masa sau biyu.

"Gobe ka kai shi kotu. Me kuma ya rage?"

"Ban ga fuskarsa a bidiyon ba, ranka ya daɗe."

"Duhu ne."

"To ba zan sa hannu a kan duhu ba. In wani zai sa, ga fayil ɗin."

DPO ya harare shi har sai da idonsa ya gaji, sannan ya ba shi zuwa safiya.

Da la'asar Sufeto ya isa gonar. Ya tsuguna inda injin yake a da. Ba a fasa komai ba, an kwance notocin da sufana, har an jera su a gefe guda. Ɓarawon da ke tsoron a riske shi ba ya tsayawa jera notoci. Ya miƙe, ya ɗaga wayar, yana gwada hoton da wurin. A gabansa akwai tsohon shingen waya mai ƙaya da ya kewaye gonar, ya yi tsatsa. A cikin bidiyon sandunan shingen suna nan, amma ko zaren waya ɗaya babu.

Ya kuma lura daga sama aka ɗauki hoton, ba daga cikin gona ba. Ya taka zuwa kan tudun madatsar. Wata mai suyar kifi da ya tambaya labarin leburan ce ta gajarce masa wahala.

"Wane lebura kuma? Humaira ce, mai kyamarar nan mai ƙafa uku. Kullum in rana za ta faɗi tana nan tana ɗaukar ruwa, kamar ruwan zai gudu."

Ya sami Humaira a ɗan shagonta cikin gari, tana gyaran bidiyon wata walima. Da ta ga kakinsa ko kujera ba ta ja masa ba.

"In Mahfuz ne ya turo ka, Yallaɓai, koma ka ce masa ba zan goge ba."

"Ba wanda ya turo ni. Me ya ce ki goge?"

Ta dube shi da kyau kafin ta amsa. Ta ce faɗuwar rana take ɗauka don wani fim da take haɗawa, sai da ta dawo shago ta ga mutum da baro a gefen hoton. Washegari ta kai wa Mahfuz kwafi, don a ganinta taimako ne. Da yamma ya zo ya ce ta share katin kyamarar, wai gonar yayansa ba wurin kallo ba ce. Da ta ƙi, ya ce zai sa a rufe mata shago.

"Na ce masa ya rufe. Katin nawa ne, kyamarar tawa ce, ranar kuma ta Allah ce."

Sufeto ya nuna mata bidiyon da aka kawo masa. Ta yi tsaki.

"Wannan ba aikina ba ne. Ni ɗanye nake ɗauka, wato duk abin da kyamara ta gani haka take ajiye shi, ba ta gyara ba, ba ta rage ba. In haske ya yi kaɗan, hoton yakan cika da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi. Akwai manhajar da ke share yashin. In ka taɓa ta kaɗan, hoto ya yi kyau. In ka murɗe ta har ƙarshe, sai ta share yashin, ta haɗa da duk wani abu siriri."

"Kamar wayar shinge?"

"Har da abin da ya fi waya."

"Kin gane mutumin?"

"Ban tsaya duba fuskarsa ba. Sai da ya dame ni da maganar gogewa na koma na duba. Amma wa zai saurare ni a kan ƙanen Alhaji?"

Ta buɗe ɗanyen bidiyon a kwamfuta. Da farko toka-toka ne, ba kyan gani. Ta ƙara masa haske a hankali, inuwa ta buɗe, yashin ya taso yana tafasa a allon. Ga wayar shinge ta fito. Mutumin ya waiwayo, ta tsayar da hoton a nan.

"Ban ga komai ba sai ɗigo," in ji Sufeto.

"A tsaye ba za ka gani ba. Bari in sake shi a hankali. Yashin ba ya zama wuri ɗaya, kowane lokaci sauyawa yake. Ka nemi abin da bai sauya ba."

Sufeto ya matso. Ɗigon suna ta rawa a fuskar, amma akwai layi ɗaya baƙi da ya gangaro daga gefen hanci zuwa kuncin hagu, yana bin fuskar duk inda ta juya. Ya sa ta maimaita, sannan ya ja wa kansa kujerar ya zauna.

Da safe ofishin DPO ya cika. Alhaji Nasiruddeen ya zo da babbar riga, Mahfuz na gefensa. Humaira ta ajiye kwamfutarta a kan tebur ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Aka shigo da Babayo.

"Malam Mahfuz, ka ce lebura ne ya ɗauka da waya," in ji Sufeto.

"Haka na ce."

"Ga leburan nan. Ka san ta?"

Mahfuz bai dubi Humaira ba. Aka kunna ɗanyen bidiyon. Mutumin da ke ciki ya waiwayo, billen kuncinsa ya fito. Alhaji ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Shi ne ya fara kallon kuncin ƙanensa.

"Mahfuz, kai ne?"

Mahfuz ya miƙe tsaye. Ko gezau bai yi ba.

"Ni ne, Yaya. Ni na sayi malfar, ni na kwance injin, yana cikin ruwa yanzu haka. Sau nawa na ce maka ka rufe burtalin nan, kana cewa doka, kana cewa kunya? Kai kana GRA, ni nake ganin shanu suna bi ta gefen shukata kullum. Na yi abin da ka kasa yi ne, kuma ban yi nadama ba."

"Sun taɓa cin maka shuka?" Sufeto ya tambaya.

"Sai na jira sun ci?"

Alhaji ya juya wajen DPO, muryarsa ta yi ƙasa.

"Injin nawa ne, yaron ƙanena ne. Na yafe. A rufe maganar nan, mu je gida mu gyara."

DPO ya buɗe baki, amma Sufeto ya riga shi.

"Injin naka ne, Alhaji, kana iya yafewa. Kwanan da wannan mutum ya yi a sel ba naka ba ne. Akwai ƙarar ƙarya, akwai hujjar da aka sauya, akwai barazana ga mai shaida. Waɗannan na hukuma ne."

Alhaji ya dubi Babayo, karo na farko tun shigowarsa.

"Ɗana, ka yi haƙuri. Faɗi abin da kake so."

"Ba abin da nake so a hannunka, Alhaji. Hanyar ba taka ba ce balle ka ba ni."

Wani kofur ya fito da ankwa. Mahfuz ya miƙa hannuwa da kansa, kai a ɗage, aka wuce da shi ta gaban kanta zuwa sel ɗin da Babayo ya fito. Babayo ya karɓi sandarsa da takalmansa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Yallaɓai, wayar da suka ja a burtali tana nan. Yau zan datse ta da rana tsaka, kowa na gani. In laifi ne, ka san inda za ka same ni."

Sufeto ya ɗauki hularsa.

"Mu je. Ni zan riƙe maka wayar."