Sai Ta Sauka

Mama tana tsakar gida tana gugar rigar Baba sai aka yi sallama, irin sallamar da ba ta jiran amsa. Hajiya ce, uwar Ticha, saurayin da aka yi wa alkawarin Auta, 'yar gidan da ke koyon tuƙin jirgi. Ticha na biye da ita, kai a sunkuye, waya a hannu.

Baba na zaune bakin ƙofar ɗakinsa, sanda jingine da gwiwa. Ya tsufa yana jan babbar mota, har ciwon ƙafa ya sauke shi. Ya nuna musu kujera, Hajiya ta ƙi zama.

"Ba zama ya kawo ni ba. Kun dai ji abin da ya faru a makarantar jiragen sojan nan?"

"Mun ji," in ji Mama. "Ɗan ajinsu Auta ne. Allah ya jiƙansa."

"Amin. An ce uwarsa ko fuskarsa ba a bari ta gani ba, a rufe aka kawo shi! Ku kuma kuna zaune kuna guga, 'yarku na can za ta hau irin jirgin da ya kashe shi. Wai jibi ma ita kaɗai za a saka a ciki, ba malami. To ni na gama magana. Uban ɗan nan nawa soja ne, da safe ya fita, hularsa kawai aka dawo mini da ita. Ba zan sake jiran kowa a bakin ƙofa ba. Ya kira ta yanzu a gabanku, ta zaɓa – ko jirgi, ko ɗana!"

Mama ta ajiye dutsen guga. Tun ranar da Auta ta tafi, ba ta taɓa jin ƙarar jirgi ba sai ta yi kuka. Kukanta a kicin take yinsa, ta wanke fuska, sannan ta ɗauki waya ta ce da 'yarta, "Ki dage, muna alfahari da ke." Amma ba ta gaya wa Hajiya wannan ba.

Baba ne ya yi magana.

"Hajiya, tsoronki gaskiya ne, ba mai ganin laifinki. In kin ce a fasa, ɗanki ne, ba za mu yi miki dole ba. Abu ɗaya nake roƙo, a bari sai ta sauka. A gidan direba ba a gaya wa mutum mugun labari yana shirin kama hanya, sai ya kashe mota ya cire makulli. Ranar da mahaifiyata ta rasu ina kan hanya, matar nan tawa ta san da rasuwar, muka yi magana ta ce mini lafiya lau, ka tuƙa a hankali. Mota ke nan, mai taya a ƙasa. Ina ga wadda za ta hau sama?"

"Wannan dokar gidanku ce! Kai, kira ta!"

Kafin Ticha ya motsa, wayar ta yi ƙara a hannunsa. Auta ce. Hajiya ta fizge ta, ta danna yadda kowa zai ji, ta tura masa a baki.

"Ticha! Sori, sun karɓe mana waya ne tun da abin nan ya faru." "Wallahi tsoro nake ji. Gadon marigayin na nan a hostal ɗin maza, ba a ko naɗe bargon ba. Malaminmu ya ce duk wanda kansa ba ya tare da shi kada ya kusanci jirgi. Filis ka gaya mini wani abu mai daɗi."

Hajiya ta zare masa ido. Ticha ya dubi uwarsa, ya dubi tsohon da ke riƙe da sanda.

"Matsoraciya," ya ce, yana dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ke da kike bin ɓera da tsintsiya ina kan tebur? Ki tashi lafiya, ki sauka lafiya. Ina nan ina jiranki."

"Ba wata matsala a gida?"

"Akwai magana, amma ba ta gaggawa ba ce. Sai kin sauka."

Wayar na mutuwa Hajiya ta ɗauke shi da mari.

"Ni ka kunyata a gaban mutane? Kada ka sake tako mini gida!"

Ticha ya durƙusa. "Hajiya, ki yafe mini. Duk abin da kika ce zan gaya mata, da bakina. Amma ba zan ɗora mata shi ta hau sama da shi ba."

Ta fice ba ta waiwayo ba. A ɗakin malaman makarantarsu Ticha ya kwana a kan benci.

Ranar tashin, da hantsi, Mama na tankaɗe sai ga maƙwabciya ta shigo ba mayafi.

"Maman Auta! Rediyo ya ce wani jirgin horo ya sake faɗowa a gona! Ba su faɗi suna ba!"

Rariya ta suɓuce daga hannun Mama. Baba ya miƙe ba sanda, ya faɗi, Ticha da ya shigo da gudu ya ɗaga shi. Suka tafi ƙofar barikin. Sojan da ke gadi ya ce ba shi da izinin cewa komai, su zauna a ƙarƙashin rumfa. Rana ta take. Motar asibiti ta shiga da jiniya, ta fito ba jiniya. Mama ta bi ta da ido, leɓunanta na motsi, hawaye na zuba, wannan karon a gaban kowa.

Wata mata ta zauna kusa da ita ta kama hannunta. Hajiya ce.

"Na san wannan zaman," ta ce a hankali. "Mutum ba ya yinsa shi kaɗai."

Can sai ga wani hafsa ya fito, hula a hannu. Ganin hular Hajiya ta rufe fuska ta saki ƙara.

"Su wane ne iyayen ɗalibar?"

Baba ya ɗaga hannu.

"Tana da rai, Baba. Injin ne ya mutu mata a sama. Ƙafarta ta karye, goshi ya tsage, amma tana magana. Mun ji muryarta a rediyo har ta dire shi a gonar, ba ta rikice ba, abin da aka koya mata ta bi ɗaya bayan ɗaya. Da hankalinta ya rabu ko na ƙiftawar ido, da wani labarin nake kawo muku."

Hajiya ta sauke hannu daga fuska ta dubi ɗanta. Shatin marinta bai gama bajewa daga kumatunsa ba.

A asibiti suka tarar da Auta an rataye ƙafarta, kai naɗe da bandeji. Ta buɗe ido da ƙyar ta nemo Ticha.

"To, na sauka. Mece ce maganar?"

Ticha ya buɗe baki zai cika alkawarin da ya yi wa uwarsa, Hajiya ta riga shi.

"Maganar ita ce ki warke a sa rana. Jirgi kuwa, har gobe ba na ƙaunarsa, kuma ba zan fasa faɗa ba."

"Zan koma fa, Hajiya."

"Na sani, mai taurin kai. Sai mu riƙa zaman jiran tare da uwarki."

Ƙafar ta daɗe ba ta haɗe ba, an sha wuya, an sha kuka. Amma ta warke, aka ɗaura aure, ta koma ta gama horonta. Har yau in jirgi ya wuce, Mama da Hajiya sukan yi shiru sai ƙararsa ta ɓace.

Ku yaran yanzu da waya ba ta barin hannunku, kome ya taɓa ku sai kun kira kun zazzage wa mutum, ku ji da kyau. So ba yawan magana ba ne, wani lokacin riƙe baki ne har mutum ya taka ƙasa. Ku kuma iyaye, in kun yarda ɗanku ya kama aiki mai haɗari, ku ba shi addu'a ya tafi da ita, tsoron ku bar shi a gida, naku ne. Wanda ya yi wannan haƙurin bai taɓe ba.