Teburin Fasinjojin Jirgin Wara

Ranar kasuwa jirgin ruwan Alhaji Ladan ya kife kusa da Wara. Kafin Sufeto Mainasara ya iso daga Yauri, Sarkawa masu ninƙaya har sun fara haɗa igiyoyinsu za su tafi. Sakataren ƙungiyar masu jirage, Jibrin, ya shaida musu duk wanda sunansa ke cikin kwamfuta an same shi, rayayye ko gawa.

Wata dattijuwa mai suna Asabe ce kawai ta ƙi tashi daga bakin ruwa.

"Yallaɓai, ɗiyata Zulai'atu na ciki. Da idona nig ga ta shiga."

"Ruɗewa ce," in ji Jibrin. "Ga kwamfuta, babu sunanta."

Mainasara mutum ne mai taurin kai, kuma ya tsani amsar da ta zo da wuri. Ya roƙi Sarkawa su dakata, ya koma Yauri, babban ofishin ƙungiyar.

Susan, mai kula da kwamfutocin, ta yi masa bayani. Duk abin da aka shigar a Wara, kwafinsa na faɗowa Yauri da kansa, kowane fanni da teburinsa, wato jerin bayanansa: na mai, na direbobi, na fasinjoji.

"Na fasinjoji ya daina zuwa bayan hatsarin," ta ce. "Jibrin ya ce matsalar sabis ce."

"Sauran fa?"

Ta duba. "Suna ta shigowa, yallaɓai."

"Sabis ɗin da ke zaɓen tebur? Duba da kyau."

Ta ƙara bincikawa, sai fuskarta ta sauya. "Cire shi aka yi daga haɗin kwafi, da makullin sirri na sakatare."

"In an cire, na nan yana goguwa?"

"A'a. Tsayawa yake yi yadda yake."

Ta buɗe. Sunaye sun kusa ninka na Wara. Cikinsu Mainasara ya ga na Zulai'atu.

Ya koma Wara, ya sami Jibrin a rumfar tasha yana karɓar gaisuwar jaje.

"Wa ke da makullinka?"

"Ni kaɗai, yallaɓai."

"Madalla. Ka yanke haɗin, sannan ka goge sunaye. Shi ya sa gogewar ba ta kai Yauri ba."



"Na zaci in na cire, can ma zai ɓace," Jibrin ya ce da ƙyar. "Alhaji surukina ne. Lodin ya yi yawa, in aka gani za a ɗaure shi."

"Sai ka bar mutane a ƙarƙashin ruwa?"

Wani kofur ya sa wa Jibrin ankwa, aka wuce da shi mota, wata motar kuma ta nufi gidan Alhaji Ladan.

Mainasara ya miƙa wa shugaban Sarkawa sunayen da suka rage, ya ce ba mai tashi sai an nemo kowa. Sannan ya durƙusa gaban Asabe.

"Inna, gaskiyarki ce. Ta shiga."

Sai a lokacin matar ta fashe da kuka.