Katin Da Ya Mutu Ran Litinin

A jirgin ƙasan safe suka haɗu, tarago na uku, kujera ta sha bakwai. Tana rungume da takardunta, ƙarfe goma za a yi mata intabiyun aikin nas a asibiti, sai mai duba tikiti ya tsaya a kanta. Dogo ne, rigar aikin ta ɗan yi masa yawa a kafaɗa. Ta miƙa masa tikiti da katin rangwamen ɗalibai, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Na'urar hannunsa ta yi ƙara, ta kawo jar wuta.

"Malama, katin nan ya mutu tun ran Litinin," ya ce a hankali.

"Yau fa Laraba, kwana biyu kacal. Bari in cika kuɗin."

Cikon bai kai kuɗin ruwan gora biyu ba, tarar kuwa ta fi albashin wata guda na aikin da take nema. Ya danna nan, ya danna can, ya kashe na'urar ya kunna, duk a banza. Abin da na'urar ta karanta ya riga ya tafi ofis, shi kuma ba a ba shi ikon gogewa ba.

Sai a lokacin ta ɗago ta dube shi, idanunta sun ciko da ƙwalla. Bawan Allah, shekara uku yana yanka wa mutane tara, ran nan ne ya fara jin kunyar rigar jikinsa. Ya rubuta lambarsa a bayan takardar tarar.

"Ki ɗaukaka ƙara. In fom ɗin ya gagare ki, ki neme ni."

Da yamma saƙonta ya shigo: "Sun ɗauke ni aiki, amma sai lasisina ya fito. Kar ka zata godiya na zo yi."

"Ban isa a gode min ba, Sha Bakwai. Turo fom ɗin in gani."

Lambar kujerarta ta zama sunanta ke nan. Ita ma ta rama, ta raɗa masa Jar Wuta.

A bencin tasha suke zama lokacin hutunsa. Tun suna maganar fom har suka koma maganar kansu, tun tana hararar sa har ta fara gyara masa kwalar riga. Kamfanin kuwa ko a jikinsa. Ta kira, aka bar ta da kiɗa minti arba'in. Ta rubuta, aka amsa da layi ɗaya babu ko sunan mutum: an duba, an ƙi. Ya ce ta sake rubutawa, ta dakata da biya sai amsa ta zo. Suna wannan jiran wa'adi ya wuce, takardar sammaci ta iso gida.

Babanta tela ne, a kan keke takardar ta same shi. Ɗan ƙanwarsa, akawu a ofishin lauya wanda ya daɗe yana son ta, shi ya karanta masa.

"Kawu, zamba suka kira abin. In aka same ta da laifi, lasisin nas sai dai ta gani a hannun wasu. Ka ga sunan shaidar kamfani? Shi ne mai kiran ta a waya kullum."

Baba ya ɗauke ƙafa daga kan keke. "Wanda zai tsaya gaban alƙali ya kira 'yata mazambaciya? Kar in ƙara jin sunansa a gidana."

Ta shige ɗaki tana kuka, ta rubuta: "Ashe kai ne shaidarsu. Ka cuce ni, Jar Wuta. Kar ka ƙara nema na."

"Wallahi yau na ga takardar kamar yadda kika gan ta. Na'urar ce ke saka sunan duk wanda ya riƙe ta. Ina son ki, Sha Bakwai, kuma ban san yadda zan yi ba."



Ya sami shugabansa a ofis ya roƙe shi. Mutumin bai ko ɗago daga kan kwamfuta ba. "Ka je ka karanta abin da aka rubuta maka, ka dawo bakin aiki. Ka ƙara kalma ɗaya, ka ajiye mana rigarmu." Ya fito yana tunanin mahaifiyarsa, da albashin nan take ci.

Ranar shari'a ya karanta takardar kamfani har ƙarshe. Sannan ya ninke ta.

"Ranka ya daɗe, da saura. Ba ta ɓoye katin ba, da hannunta ta miƙo min. Ta ce za ta cika kuɗin, na'ura ce ba ta karɓa. Jinkirin biya kuma ni na sa ta."

Alƙali ya soke tuhumar zamba. Tarar dai ya ce doka ba ta ba shi damar taɓa ta ba, sai an biya. Kafin saurayin ya gama sauka matakalar kotu, saƙon sallama daga aiki ya shigo wayarsa.

A nan Baba, da ya ji komai a cikin kotu, ya cim masa ya ga saƙon, ita tana bayan mahaifinta tana share ido.

"To, yaro, yanzu me za ka ci?"

"Ban sani ba, Baba."

Tsohon ya ƙare masa kallo. "Ka iya guga?"

"Ni nake goge rigar aikina kullum."

"Akwai dutsen guga a shagona. Ka fara gobe, ka kuma turo manyanka."

Wata huɗu bayan haka aka ɗaura aure, lasisinta a hannu, tarar kuma ana ta biyan ta kaɗan-kaɗan. Baba da kansa ya raka su tasha ranar da za su je gaida uwar ango. Ya dafa kansu.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Ku sake duba tikitin nan."

A cikin tarago wani sabon mai duba tikiti ya nufo su da na'ura. Ta damƙe hannun mijinta. Na'urar ta kawo kore.