Sa Hannun Ranar Laraba

Ranar da ta fara aiki a ɗakin gwaji na kamfanin man girki, shi ya kawo mata samfur a kwalba. Mai Tukunya ake ce masa, don shi ke kula da ƙatuwar tukunyar da ake daskarar da mai.

"Kin ga baƙin garin nan? Nikel ne. Mai da iskar haidurojin kunyar juna suke ji, sai sun hau bayansa suke haɗuwa, man ya yi kauri. Farar wuta kaɗai ke kashe shi."

"To ni ina ruwana?"

"Ke ce mai gadinsa, ranki ya daɗe."

Tun tana ɗaure fuska har ta saba. Bazawara ce mai 'ya ɗaya, shi kuwa bai taɓa zuwa zance ba sai da biskit ɗin yarinyar.

Wata Laraba aka kira ta daga makarantar raino, zazzaɓi ya rufe 'yarta. Samfur na kan tebur, ba ta gwada ba. Ta sa hannu cewa lafiya lau, ta fice a guje.

Ashe man da farar wuta. Nikel ya mutu, tukunya guda ta ƙi daskarewa. Aka ce sakacinsa ne, aka dakatar da shi. Ya san gaskiya, ya yi gum.

Saƙonsa ya shigo: "Hasken idona, ya jikin 'yata? Kar ki ce uffan a ofis. Ni cikina ɗaya, ke baki biyu kike ciyarwa."

Ta bi maganarsa, ta ɓoye gaskiyar.

Da ya turo manyansa neman aurenta, mahaifinta ya ce, "Wanda ya kasa riƙe tukunya, shi zai riƙe min 'ya da jika?"

Ta durƙusa. "Baba, ni ce ban gwada ba. Laifina yake ɗauke da shi, yau sati uku."

Tsohon ya ce, "Gobe ki faɗa wa manaja da bakinki."

Washegari ta faɗa wa manaja. Aka dawo da shi aiki, ita aka ba ta wata biyu a gida ba albashi.

"Ni na faɗa. Ka yafe min," ta rubuta masa.

"Ke dai akwai taurin kai! Yanzu wa zai ciyar da ku?"

"Kai mana. Baba ya ce manyanka su dawo."

Kafin wata biyun su cika aka ɗaura aure. Baba ya riƙe hannun ango ya ce, "Ni ma ka yafe min, ɗana. Allah ya rufa maka asiri duniya da lahira."