Fuskar Baban Aminata

"Ba shi ba ne... hancin ya yi tsawo."

Tassiou ya ajiye fensirin ya sauke numfashi. Karo na shida ke nan a wunin nan yana gyara hancin mutumin da bai taɓa gani da idonsa ba.

"Ɗazu kin ce ya yi gajarta, Chamsia."

"Ɗazu ya yi gajarta, yanzu ya yi tsawo. Ni na ce ka wuce wuri?"

"To, na ji. Laifina ne."

Ta kawar da kai tana gyara mayafi, don kada ya ga idonta ya ciko. Shi kuwa ya riga ya gani.

Tassiou mai zane ne, ɗan Damagaram, shekararsa bakwai a birnin Sabha, can ƙetaren hamada. Wani ɗan lungu gare shi a bayan shagon buga takardu a unguwar Gurda, nan yake zana hotunan littattafan yara da allunan shaguna. Chamsia kuwa shinkafa da wake take sayar wa leburori a bakin titin, bazawara ce mai 'ya ɗaya. Mijinta Hama direba ne, motarsa ta kama da wuta a hanyar Ghuddwa lokacin Chamsia tana da cikin wata bakwai. Salula guda suke da ita su biyu, duk hotunansu suna ciki, ta ƙone tare da shi. 'Yar tasu Aminata ta cika shekara huɗu a duniya ba ta san kamannin ubanta ba.

Da Tassiou ya nemi aurenta, yayanta Mounkaila ya yi na'am tun kafin ya rufe baki. Ita ce ta kafa sharaɗi guda.

"Ina son ka, Allah ya sani," ta ce masa. "Amma ba zan shiga ɗakin wani ba sai yarinyar nan ta ga fuskar ubanta. Ka zana min shi... ni zan riƙa gaya maka."

Ya amsa da sauri, don a ganinsa aikin kwana biyu ne. Ashe bai san abin da ya ɗauko ba.

Kullum bayan la'asar, in ta tashi daga sana'a, sai ta zo ta zauna a kan bencin da ke bakin ƙofa. Shi kuma ya kafa farar takarda mai kauri a kan allo, ya fara da fensir mai tauri, a hankali, kamar ba ya son takardar ta ji. Da'irar kai tukuna, sai layin da ya raba fuska biyu, sai wanda idanu za su zauna a kai. In wuri ya fara kama hanya, ya ɗauko fensir mai taushi ya ƙara masa duhu. Ba ya gaggawar gogewa. Layi a kan layi yake jerawa, har haɓa ɗaya ta samu layi huɗu ko biyar.

"Me ya sa ba ka goge na banzan?" ta taɓa tambayarsa.

"Ban san wanne ne na banzan ba tukuna, abar ƙaunata. Sai ranar tawada ake zaɓa."

"Ranar tawada kuma?"

"In an gamsu, sai in bi layi ɗaya da tawada, in goge sauran. Ita in ta hau ta hau."

Ba ta taɓa kiran sunan marigayin ba, "baban Aminata" take cewa. Baban Aminata yana da tabo a girar hagu. Baban Aminata in zai yi dariya ido ɗaya yake fara ƙanƙancewa. Tana faɗa muryarta na yin laushi, irin laushin da Tassiou bai taɓa jin ta yi masa ba. Gaskiya ɗaya ce, kishi ya ci shi ƙwarai. Kishin mamaci kuwa ba wanda za ka kai wa ƙara, sai dai ka fere fensir ka ci gaba.

Sati biyar suka kwashe a haka.

Ran wata Alhamis, yana ɗan jan wani layi a gefen baki, sai ya ji ta kama bakin allon.

"Tsaya... Tassiou, tsaya."

Ya ɗaga hannu.

Ta matso ta ƙura wa takardar ido. Zanen duk ya yi kaca-kaca da layuka, ga dauɗar hannu a gefe. Amma Chamsia ta durƙusa a gabansa, ta toshe bakinta da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Shi ne... wallahi shi ne. Ka ga yadda yake kallona in na ɓata rai..."

Tassiou ya ji daɗi, ya kuma ji kishin nan ya motsa masa.

"Ka ɗauke shi a salularka," ta ce tana share hawaye. "Tawa ba ta hoto."

"Haba, a hakan? Ban taɓa ɗaukar aikin da bai ƙare ba. Bari ya yi tsaf tukuna."

"To kada ka canza masa komai. Gobe bayan Juma'a zan kawo Aminata."

"Ko gashi ɗaya ba zan canza ba, masoyiyata."

Kuma har ga Allah haka ya yi niyya. A wurinsa sa tawada ba canji ba ne, kammalawa ce. Fensir ba ya jure shekaru, hannu ya shafa ya dushe, gumi ya taɓa ya ɓaci, yaushe zai kai Aminata ta girma? Ban da haka, akwai abin da bai gaya wa kowa ba. Ya ƙagu a gama da mutumin nan a sa ranar aure.

Da safe, haske na shigowa lungun, ya wanke hannu ya buɗe kwalbar baƙar tawada. Ya tsoma alƙalamin ƙarfe, ya gwada bakinsa a kan guntun takarda, sannan ya fara daga sama zuwa ƙasa don kada hannunsa ya goga ɗanyen aiki. A gira layi uku ne, ya zaɓi ɗaya. A gefen baki huɗu, ya zaɓi ɗaya. Hannunsa bai yi rawa ba ko sau ɗaya. Gashi da gemu ya cike su da siririn buroshi. Ya jira ta bushe sarai, ya ɗauko magogi ya bi takardar lungu-lungu, ya hure ɓurɓushin. Aiki ya fito fes, bai taɓa yin mai kyansa ba.

Bayan an sauko daga masallaci suka iso. An yi wa Aminata sabon kitso, an sa mata rigar salla.

"Zo ki ga babanki," in ji Chamsia.

Tassiou ya juyo da allon yana murmushi.

Chamsia ta tsaya cak. Ta matsa kusa, ta ja baya, ta sake matsawa.

Aminata ce ta dubi hoton, ta dubi mai zanen, ta tuntsire da dariya tana nuni da yatsa.

"Mama, Kawu Tassiou ne!"

Tassiou ya dubi takardar da kyau, sai a lokacin ya gani. Tabon yana nan a girar hagu, ido ɗaya a ƙanƙance. Amma bakin nasa ne, haɓar tasa ce. Da madubi ya koyi zana fuska tun yana Damagaram, duk inda aka ba hannunsa zaɓi, layin da ya saba ya bi, shi bai sani ba.

"Ina na ƙarƙashin?" Chamsia ta tambaya a hankali.

"Chamsia..."

"Na jiya. Ina yake?"

"Na goge... haka ake yi."

Ta sunkuya ta dubi baƙin ɓurɓushin da ke ƙasa. Sai ta rufe ido, ta daɗe a haka. Da ta buɗe, abin da ya gani a fuskarta tsoro ne, ba fushi ba.

"Ba na ganin shi. Sati biyar ina kallon takarda, har ta zauna min a madadinsa. Yanzu in na rufe ido wannan nake gani... Tassiou, ba na ganin shi."

Sun sake gwadawa, kwana tara. Ya karkata takardar a hasken rana yana neman sawun fensir, amma hannunsa mai sauƙi ne, bai bar komai ba. Ya kafa sabuwa, ya ce ta faɗa. Sai ta buɗe baki ta rasa ta inda za ta fara. A rana ta tara ta ce ya bari haka nan.

"Tahoua zan koma, wurin mahaifiyar baban Aminata. Ƙannensa suna can. Ko ba komai yarinyar nan za ta tashi tana ganin masu kama da shi."

"Ki yafe min. Ki hukunta ni da komai, ban da wannan."

"Na yafe tun ranar. Ba da mugunta ka yi ba."

"To me ya rage, farin cikina?"

"In na aure ka, kullum da safe fuskar nan zan gani, in tuna abin da ta rufe. Zan zo in tsane ka... ba na son in kai can."

Mounkaila ya yi lallashin duniya, ba ta sauya ba.

Ranar tafiya Tassiou ya raka su inda motocin Agadez ke lodi. Aminata ta ƙanƙame hoton a naɗe, tun a gida ta yi ta birgima a ƙasa sai an ba ta shi. Chamsia ta hau ta zauna a kan kaya, ta ɗora ta a cinya.

"Zan jira ki," ya ce.

"Kada ka jira."

Ya dubi takardar da ke hannun yarinyar, hawaye na zubo masa a gaban mutane, bai damu ya share ba.

"In ta girma ta tambaye ki wane ne wannan fa?"

Chamsia ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta.

"Zan ce mata wani mutum ne da ya so mu."

Direba ya tada mota. Aminata ta yi ta ɗaga masa hannu tana dariya, don ita a zatonta kasuwa za su je su dawo.