Ban Gane Ba, Signora

Cokalin Signora Nunzia ya faɗi cikin faranti. Ta dafe ƙirji tana kiran waliyyai ɗaya bayan ɗaya.

Ni kuwa murmushi nake yi.

To me zan yi? Ban san abin da ya faru ba!

Ranar Lahadi ce, karon farko da saurayina Saverio ya kawo ni cin abincin rana gidan mahaifiyarsa, Signora Nunzia. Ya sauka karɓo cannoli, wani kayan zaƙinsu, a shagon kan kwana, ya bar ni tsakaninta da Graziella, 'yar maƙwabtansu da aka daɗe ana yi masa sha'awarta. Fitarsa ke da wuya Graziella ta matso ta kama hannuna, tana zuba magana kamar an buɗe famfo. Ƙarshen kowace magana sai ta ɗaga gira tana jirana.

Ni kuma in ce, "Sì, sì." Wato e, e.

Can gidanmu a Batangas ba a sa mai masauki ya maimaita magana, kunya ce. Sai ki yi murmushi ki gyaɗa kai. Da wannan nake rayuwa a Messina, daga tsohon da nake jinya har mai sayar da kifi. Abin takaicin ma, Italiyancin da Maestra Rosalba ke koya mana a ajin yamma daban, na teburin nan daban. Na iya tambayar hanyar tashar jirgi, na iya cewa littafi yana kan tebur. Amma in 'yan Sisiliya suka ɓarke da nasu yaren, rabin kalma suke haɗiyewa.

Saverio ya shigo da kwalin a hannu, ya yi turus.

"Mamma, lafiya?"

Nan fa gida ya kaure. Uwa na kuka, ɗa na ɗaga hannu sama, Graziella na matse idon da babu hawaye a ciki. Sunana kaɗai nake tsinta a hayaniyar.

Analyn... Analyn... Analyn!

Muka shiga mota, sai da muka iso bakin ruwa ya tsaya. Ya yi magana a hankali, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ya saba min.

"Kina da miji a ƙasarku?"

"Miji? Ni?!"

"Graziella ta tambaye ki, kin ce e. Ta ce takardar zama kike nema a wurina, kin ce e. Ta ce da an ɗaura aure za ki kai Mamma gidan gajiyayyu..."

"Wayyo ni! Saverio, ban ji ko ɗaya ba!"

"Na sani, amore. Na san halin Graziella."

Har na fara ajiyar zuciya, sai na ga bai kalle ni ba.

"Ba wannan ke cin raina ba," ya ce. "Ranar da muka hau jirgin ruwa, na yi miki doguwar magana kin ce sì. Me na ce?"

Na tuna iskar ranar. Na tuna yadda ya cire hularsa ta direban bas yana murza ta a hannu. Na tuna idonsa.

Maganar ce ban tuna ba, don ban taɓa jinta ba.

"Ka ce... teku ta yi kyau?"

Ya yi wata 'yar dariya mai ciwo, ya tayar da mota.

Daga ranar bai sake kirana ba. Kaina ya kulle tam. Fushi yake? Mun rabu ne? Ko wani abu na amsa masa da ya kamata in cika? Tsohon da nake jinya ma ya lura, don sau biyu ina zuba masa gishiri a kofi.

A aji Maestra Rosalba ta tsare ni bayan kowa ya fita.

"Ke Analyn, kullum sì, kullum murmushi. Kin gane darasin yau?"

"Sì, Maestra."

"Ƙarya kike! Me na koyar?"

Sai kuka ya ƙwace min. Da guntun Italiyancina da hannuwa na ba ta labari. Ta saurara, ta girgiza kai.

"'Yata, a garin nan wanda bai katse mutane ba, ba ya cikin hira. Ce min, ban gane ba."

"Ban... gane ba."

"Da ƙarfi! Ke ba sata kika yi ba!"

Lahadi na zagayowa na tafi gidan Signora Nunzia ni kaɗai. Signora Nunzia na soya gauta a kicin, Graziella na zaune tana yayyanka tumatir kamar gidan ubanta.

"A'a, ga 'yar sì-sì!" in ji Graziella. Ta sake buɗe famfonta, ta ƙare da ɗaga gira.

Wuyana har ya fara gyaɗawa da kansa. Na riƙe shi.

"Ban gane ba," na ce. "Maimaita. A hankali. Signora ma ta ji."

Graziella ta sunkuyar da kai. Tumatir ɗin nan ya sha kallo.

Signora Nunzia ta kashe wuta, ta juyo ta riƙe ƙugu.

"Kina... da... miji?"

"A'a, Signora."

"Za ki kai ni gidan gajiyayyu?"

"A'a! Tsohon wasu ma ina wanke shi, balle ke?"

Ban tabbata na jera kalmomin daidai ba, amma na ga leɓenta ya motsa. Sai ta watso min wata magana da gudu, da gangan, tana ƙare min kallo.

"Ban gane ba, Signora."

Ta kwashe da dariya har da dukan cinya.

"Cewa na yi kin rame kamar tsinke! Zauna ki ci. Graziella, uwarki na nemanki."

"Ba ta kira ni ba..."

"Ni na ji ta!"

Ina tsakiyar faranti na biyu, don ta hana ni tashi, na ji motsi a ƙofa. Saverio ne jingine, ban san tun yaushe ba. Ya zo ya ja kujera kusa da ni, ya fara magana da sauri, rabi da yarensu.

Na ɗaga masa hannu.

"Ban gane ba, amore. Maimaita."

"Ka ji ko? Yi wa yarinya a hankali, sakarai!" in ji mahaifiyarsa, ta ɗaka masa tsumma a kafaɗa.

Ya ja numfashi.

"Abin da na ce a jirgi. Ina... sonki. Za ki... aure ni?"

Ashe abin da na amsa ke nan ina kallon teku!

Na tsinci kalmomin ɗaya bayan ɗaya, babu wadda ta kuɓuce min. Amma na ja masa rai, har gumi ya tsatso masa a goshi.

"Analyn, kin gane kuwa?"

"Na gane sarai," na ce, hawaye na zubo min. "So nake in sake ji."

Ya sake faɗa. Sannan na ce sì.