Wadda Take Fara Tauna Ƙwayar

Da faɗa Ghali ya shiga makarantar nan ta unguwar Moursal, hula a karkace, ko sallamar kirki babu. Ƙanwarsa Firdausi ce ta ce an ba su magani a ɗakin jinyar da Sistocin Katolika suka buɗe wa ɗalibai kyauta. Shi kuwa bai daɗe da baro Katsina ba, kunnensa cike da jita-jita.

"Wa ya ba ku izinin ɗura wa yarinya abin da ba mu sani ba?"

Mai jinyar ta ɗago kai. Kausar ke nan, 'yar wani tsohon gidan fatake a unguwar Kabalaye. Sai ta ɓare ƙwaya ɗaya ta jefa baki ta taune.

"Maganin tsutsar ciki ne, Malam. Duk ranar rabo ni nake fara ci a gaban iyaye. Da saura tambaya?"

Tambaya kam akwai, sai dai ba ta magani ba ce. Bawan Allah ya manta faɗan, ya fita yana tuntuɓe da benci. Daga ranar ya zama mai kai Firdausi makaranta, shi da a da ko da roƙo ba ya kai ta.

Kafin damina ta wuce, saƙo ya fara yawo tsakanin wayoyinsu.

"Likitata, tun da kika tauna ƙwayar nan nake ciwo. Akwai magani?"

"Habibi, na yaran makaranta ne kawai. Manya su turo magabatansu."

Nan fa aka samu cikas. Alhaji Lawal, mahaifin Ghali, babban mai sayar da zuma, ya ce sam.

"'Yar aikin coci? Ko ta ajiye aikin, ko ka nemi Ikilima 'yar abokina da ke unguwar Gassi. Na gama magana."

Da labarin ya kai mata, Kausar ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta rubuto:

"Ina sonka, Allah ne shaida. Amma don suna ganina da hijabina ne iyaye suke barin 'ya'yansu su sha. In na tafi, yaran nan za su koma zama da kumburarren ciki. Ba zan ajiye ba, habibi."

"Kada ki ajiye," ya amsa. "Ni ma ba zan ajiye ki ba."

Ghali bai yi wa mahaifinsa gardama ba. Naci ya sa. Kullum in ya durƙusa gaisuwar safe sai ya ce, "Baba, ka zo ka gani da idonka kawai." Har tsohon ya gaji, ranar rabo ta gaba ya hau bayan babur ɗin Ghali yana mita.

Iyaye sun cika inuwar dalbejiya, kowa riƙe da hannun ɗansa. Kausar ta fito ta yi bismilla da ƙarfi, ta taune ƙwayar farko. Sista Madalen, dattijuwar da ke shugabantar ɗakin jinyar, ta taune ta biyu. Sai ga mata suna tura yara layi.

Alhaji ya daɗe yana kallo kafin ya yafito Kausar. Ta zo ta durƙusa.

"'Yata, kullum haka kike yi?"

"Duk ranar rabo, Baba."

"Ni tun ina saurayi ban taɓa sayar da zumar da ban lasa a gaban mai saye ba. Masu zuba mata sukari ba sa yarda su yi haka, na san su sarai." Ya miƙa tafin hannu. "Ba ni ɗaya."

Ya tauna, ya yamutsa fuska.

"Kai! Gara zumata. Firdausi, shiga layi."

Bayan ƙaramar Sallah aka ɗaura aure a Kabalaye. Sista Madalen ta zauna cikin mata, har da lalle a hannu. Alhaji da bakinsa ya sa albarka, ya ce Allah ya ba su zuriya mai lafiya, jama'a suka amsa da amin.

Da hutun amarci ya ƙare, Ghali ya goyo matarsa a babur zuwa wurin aiki. A bakin ɗakin jinya suka tarar da jarkar zuma da ƙaramin cokali. Mai gadi ya ce Alhaji ne ya kawo da kansa, wai duk yaron da ya tauna ƙwaya a lasa masa.

Kausar ta buɗe jarkar tana share hawaye, ta yi bismilla, ta fara lasa.